Kafin a Binne Jini

Taguwarsa ce ta fara kai ƙara. Bayan azahar aka ga ta nufo rijiya ita kaɗai, tana ɗingishi da dabaibayi a ƙafa, tana wani irin kuka da ba na ƙishirwa ba. Masu jan guga suka bi ta inda ta fito, suka haura tudun rairayin da ke gabas da zango. A kwarin bayansa suka tarar da Suwaini kwance rigingine, harsashi ya shige shi ta ƙirji, ƙudaje har sun fara taruwa.

Ni a lokacin ina bakin tantin Wakilin Sarki ina dakan gahawa. Sunana Gunaim, kuma aikina ke nan tun haƙorana suna cike: in soya, in daka, in zuba, in yi kamar ban ji abin da manya ke faɗi ba. Da na ji turmin mutanen arewa ya yi tsit a ɗaya gefen rijiyar, na san labari ya kai musu, sai ni ma na ajiye taɓaryata.

Mun daɗe a rijiyar Ummu Sudaira. Sarkinmu ya aiko Wakilinsa, Sarkin arewa ya aiko nasa, ga kuma wani dogon Bature mai jan fensir da ya zo raba gardama. Wai layi za a ja a cikin rairayi, a ce nan naku, nan namu. Raƙumi dai bai san layi ba, amma ba wanda ya tambaye shi. An yi ta kai ruwa rana a kan rijiyoyi da makiyaya da wanda zai karɓi zakka, har aka daidaita. Abu ɗaya ya rage, binne jini. Washegari za a haƙa rami a gaban kowa, duk gidan da ke bin wani gida jini ya jefa dutse da sunan mamacinsa, a mayar da ƙasa. Daga ranar ba fansa, ba diyya, ba gori. Wanda bai ɗauki fansarsa ba kafin ƙasa ta rufe, ta wuce shi har abada.

Da tsakar ranar nan ɗan aiken Baturen ya dawo daga bakin teku da amsar sarakunan biyu cewa sun amince. Duk mai bindiga a zango ya ɗaga ta sama ya yi ta harbi har kunnuwa suka toshe. A cikin wannan hayaniya ne wani ya harba tasa, amma ba sama ba.

Nan da nan kowa ya zama abin zargi. Suwaini shi ne madugun harin arewa a shekarun baya, kuma da wuya ka ɗaga labulen tanti a ɓangarenmu ba ka sami mai bin sa jini ba. Masu jan guga suka ce makiyaya ne. Makiyaya suka ce dogarai ne. Dogarai suka ce ai mutanen arewa ne suka kashe abinsu don su wargaza sulhu.

* * *

Bargash, ƙanen mamacin, ya shigo tantin Wakili ba sallama. Na zuba masa gahawa, ya karɓi finjalin ya dire shi a ƙasa bai kurɓa ba.

"Ranka ya daɗe, yayana da amanarka ya sauka a rijiyar nan. Kai ka aika ka ce ya zo, ko ƙaya ba za ta soke shi ba. To ga shi can ƙudaje na bin sa."

"Ka yi haƙuri, Bargash, ka sha gahawarka mu yi magana," in ji Wakili.

"Zan sha in ka ba ni wanda ya yi. Gobe kafin rana ta faɗi. In ba haka ba ku faɗaɗa ramin nan naku, don ba duwatsu za a zuba a ciki ba."

Wakili ya aika a kira Duhaim mai bin sawu. Ɗan ƙaramin tsoho ne siriri, kullum kansa a sunkuye, har baƙi kan ɗauka kunya ce ta yi masa yawa. Ba kunya ba ce, ƙasa yake kallo. In ya ce sawun wane ne, alƙali ba ya neman rantsuwa, a ɓangarenmu ko a nasu. Abokina ne tun muna samari. Ni in yi ta surutu, shi ya yi ta shiru, a haka muka tsufa.

Bargash ya dube shi sama da ƙasa. "Wannan? Shi ma ai yana bin mu jini. Ba ɗansa ne ya faɗi a harin shekarar fari ba?"

Duhaim ya sa hannu a riga ya fito da wani ɗan baƙin dutse. "Munif sunansa. Ga dutsensa, na tsinto na ajiye saboda gobe. Amma lokacin da ake harbe-harbe kafaɗata tana gogar taka, har ka ce in matsa ina warin raƙumi."

Bargash ya kau da kai. "An yi haka."

"Gunaim, bi su ka zama idona," in ji Wakili. "Kuma ka rufe bakin nan naka."

* * *

Duhaim ya tsayar da mu a kan tudu, ya gangara kwarin shi kaɗai. Ya daɗe yana zagaye kamar mai neman allura, sannan ya yafito mu.

"Nan ya durƙusa yana duba ƙafar taguwarsa, ga gurbin gwiwarsa. Nan ya miƙe. Nan ya juyo, wani ya kira shi." Ya nuna wasu ramuka biyu masu zurfi. "Nan kuma ya tsaya, ya daɗe a tsaye, dugadugansa har sun nutse. Magana suka yi."

"Da wa?" in ji Bargash.

Duhaim ya nuna gindin wani ɗan kurmi da ke fuskantar wurin. Ba abin da ke nan sai sawun awaki, birjik, sun tattake ko'ina.

"Da kuka ɗauke shi, ina bindigarsa take?" ya tambayi Bargash.

"A kafaɗarsa."

"Wuƙarsa fa?"

"A kube."

Duhaim ya sake duba ramukan dugadugan. Ni ma abin ya ɗaure mini kai, don Suwaini mutum ne da ko inuwarsa ta motsa sai ya zare wuƙa. A ce ya tsaya ƙiƙam yana kallon bakin bindiga, hannunsa bai ko motsa ba?

Sai Bargash ya yi ihu daga gefen kwarin. Ya ga sawun takalmi mai ƙusoshi, irin wanda ba mai sa shi a zangon sai mutum ɗaya.

* * *

Karabet, direban Baturen, ɗan Armeniya ne mai tumbi, kuma a tantin mutanen arewa yake cin abinci don ya fi jin maganarsu. Mun same shi a ƙarƙashin mota. Da ya ji abin da ake tuhumarsa da shi sai ya fito da rarrafe, hannuwa a sama.

"Ni? Ni da ko kaza ba na iya kallo ana yankawa? Na je kwarin, ban musa ba. Da sassafe na je, kuma kada ku sa in faɗi abin da ya kai ni a gaban manya. Cikina ne! Ku tambayi wannan tsohon, shi ne ya kashe ni da abincinsa."

"Ni gahawa nake yi, kafirin Allah, ba ni nake dafa maka ba," na ce.

"Ba kai kake kawo gurasa ba? Jiya lami, yau lami, ko ƙwayar gishiri babu. Ko shi ma gishirin sai sarakuna sun sa hannu za ku ba mu?"

"Ƙarya kake yi, ni ma ita na ci, gishirinta daidai."

Duhaim ya katse mu. "Ƙyale shi, Bargash. Na ga sawun tun kafin ka gani. Gefensa a tsaye yake, da sauran raɓa a ƙasa ya taka. Da tsakar rana rairayi ba ya riƙe sawu haka."

Karabet ya kama hannun Duhaim zai sumbata, tsohon ya fizge abinsa.

* * *

Muna idar da sallar magariba aka zo aka ce dogarai sun kama Nahar. Shi ne ɗan Duhaim ɗaya da ya rage, ƙanen Munif, kuma yana cikin masu tsaron raƙuman Wakili. Ba wanda ya gan shi a sahun masu harbi da rana. An kuma sha jin sa yana cewa hannunsa ya bushe in ya jefa dutsen yayansa a rami. Abin da ya fi muni, da shugaban dogarai ya tambaye shi, bai musa ba.

Mun same shi a ɗaure a jikin turken tanti. Duhaim ya tsuguna a gabansa.

"Ina kake da tsakar rana?"

"Ni na yi, Baba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ni na yi. Na bi shi kwarin na harbe shi. Ka je ka gaya musu."

Duhaim ya sa aka kawo bindigar Nahar. Ya buɗe ta, ya kai hanci, ya miƙo mini. Ba warin albarushi, sai na mai. A duk zangon nan wataƙila ita kaɗai ce ba ta yi magana ba a ranar.

"Da wata bindigar na yi," in ji Nahar da sauri.

"Da kai ne ka tsaya a gindin kurmin nan, da Suwaini ya fizgo bindigarsa daga kafaɗa tun kafin ka buɗe baki. Wa kake rufa wa asiri?"

Nahar ƙato ne mai gemu, amma sai ya koma roƙo kamar yaro. "Baba, don girman Allah ka bar shi haka. Ka ce iska ta share. Ka ce idonka ya tsufa. Sau ɗaya dai a rayuwarka, kada ka duba."

Duhaim ya miƙe, muka fita. A hanya na ce masa, "Abu Munif, in ka yi shiru gobe za su miƙa shi ga Bargash." Ya ce ya sani.

* * *

Rana na fitowa muka koma kwarin, mu biyu. Wannan karon awakin ya bi. Garken zango ne gaba ɗaya, wanda mata ke karɓa-karɓa wajen kora shi.

"Dubi nan, Gunaim. Me akuya za ta ci a kwarin nan?"

"Rairayi."

"To ba da kansu suka zo ba. An koro su, an zagaya da su a gindin kurmi, an mayar da su. Wanda ya yi haka ya san abin da nake dubawa." Ya ɗan yi gaba. "Kuma mutum ɗaya ne Suwaini zai tsaya wa haka, hannu a sake. Wanda in ya zare masa wuƙa za a yi masa dariya har cikin kabari."

"Mace," na ce.

"Mace."

"To ai matan da Suwaini ya sa kuka a zangon nan sun fi awakin yawa. Ka je ka gaya wa Wakili haka, a saki yaronka."

Duhaim ya zauna a kan rairayi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba a tsakiyar aiki. Ya daɗe yana juya dutsen nan a hannunsa.

"Gurasar da direban nan ya ce lami ce, ka ce kai ka ci da gishiri?"

"Ƙwarai. Har Wakili ya yaba."

"Gidan wa ke da tuya jiya da shekaranjiya?"

Matan zango ne ke toya wa baƙi gurasa, gida-gida, ni kuwa in je in ɗauko in raba. Na tuna yadda aka miƙo mini ƙunshi biyu ta ƙarƙashin labule, aka ce wannan na Wakili ne, wannan na mutanen arewa, kada ka kuskura ka haɗa. Na ɗauka ƙonannun ta ware musu, har na yi dariya a raina.

Ba mantuwa ba ce. Mai mantuwa ba ta sa gishiri a ƙunshi ɗaya ta hana ɗaya. Wanda ya ci gishirinka, jininsa ya haramta gare ka muddin gishirin yana cikinsa, kowane yaro ya san wannan. Wadda ta toya gurasar nan ta yarda ta kashe mutum, amma ba ta yarda ta kashe wanda ya ci gishirinta ba.

"Faɗi mana," in ji Duhaim. "Kai da bakinka ba ya rufuwa."

"Gidanka ne, Abu Munif."

Ya gyaɗa kai. Wallahi na so a ce ƙasa ta buɗe na shige, ban ga fuskarsa a lokacin ba.

* * *

Duhaim ya shiga tantinsa, ni ban shiga ba, na tsaya a wajen igiyar tanti. Amma tantin gashi ba ya ɓoye magana. Turfa, matarsa, tana gaban wuta, ta kifa kaskon ƙarfe tana toya gurasa. Mace ce doguwa, ta fi mijinta tsawo, kuma tun mutuwar Munif ban ƙara jin dariyarta ba.

"Ummu Munif, gishiri ya ƙare mana ne?"

"Akwai."

"Na ga alama."

Na ji ta juya gurasa. Can ta ce, "Na jira ka. Na jira Nahar. Shekara ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Sai na ga kana yawo da dutse a riga. Ɗana ne za ka jefa a rami kamar kashin akuya, don wani Bature ya ja layi?"

"Don kada a kashe mana ɗayan."

"Bindigar Munif tana cikin shimfiɗata tun ranar da aka dawo da ita babu shi. Na kira mutumin ya juyo. Na ce ni ce uwar Munif. Ka san abin da ya ce mini? Ya ce, wane ne Munif? Ya tsaya yana ta tunani, da gaske yake, yana so ya tuna, ya kasa. Ya ce, yi haƙuri Inna, suna da yawa. Na rantse da Allah da ya tuna shi, ko da zagi ne, da na sauke."

Sai na ji muryar Duhaim.

"Nahar ya gan ki?"

"Ya gan ni ina dawowa da awaki. Na ji sun ɗaure shi. In gama wannan in je wurin Wakili da ƙafata, su sake shi."

"Ki je ki ce me? Bargash ba zai ɗauki jinin mace a bakin na yayansa ba, kin sani. Namiji zai nema daga gidan nan."

Na ji abin juya gurasa ya faɗi.

"Na kora awaki a kai," ta ce a hankali. "Yadda ka taɓa gaya mini ɓarayi na yi. Na ɗauka ba wanda zai gani."

"Awakin sun yi aikinsu, ban ga ko yatsanki ba. Tarbiyyarki ce ta tona ki, 'yar mutanen kirki."

Sai na ji kukan da ban taɓa ji ba, ƙasa-ƙasa, kamar ana tsoron kada maƙwabta su ji. Ya ce ta ba shi gurasa ɗaya, mai gishiri, yunwa yake ji. Na matsa nesa.

* * *

Da la'asar tantin Wakili ya cika maƙil. Wakilin arewa yana dama, Bature yana hagu da taswirarsa a naɗe, Karabet ya raɓe a bayansa. Bargash da mutanensa suna bakin ƙofa, ba wanda ya cire bindiga daga kafaɗa. An kawo Nahar, an ɗaure shi a turken tantin. A waje an riga an haƙa ramin, ƙasarsa tana jibge a gefe. Na zuba wa Bargash gahawa, ya sake dire finjalin.

Duhaim ya tsaya a tsakiya, ya faɗi abin da ƙasa ta nuna masa daki-daki. Ya wanke direba. Ya sa aka zagaya da bindigar Nahar kowa ya sansana. Ya faɗi yadda mamacin ya juyo, ya tsaya, bai taɓa makami ba. Ya faɗi zancen awaki.

"Ba labari muka zo ji ba, tsoho," in ji Bargash. "Sawun ina ya shiga?"

"Gidana."

Tantin ya ɗauki guna-guni. Nahar ya yi yunƙurin tashi. "Na gaya muku ni ne!"

"Rufe mini baki, manya na magana," in ji Duhaim, bai ko dube shi ba. "Ba shi ba ne, Bargash. Ba kuma ni ba ne, kai ne shaidata. Ka ci gurasar jiya?"

"Me ya kawo gurasa cikin…" Bai ƙarasa ba. Na ga yadda abin ya sauka a fuskarsa sannu a hankali. Ya dubi mutanensa, suka sunkuyar da kai. Ba a kiran sunan matar mutum a majalisa, kuma ba wanda ya kira.

Baturen ya tambayi tafinta me ake ciki. Da aka gaya masa, ya ce a kai maganar gaban alƙali a birni, a bi ta a hankali. Aka saurare shi cikin ladabi har ya gama. Wakili ya ce Sarki zai biya diyya ninki biyu daga raƙumansa.

"Da a fagen hari ya faɗi, da na karɓa," in ji Bargash. "A cikin amana aka kashe shi. In na koma da raƙuma, matanmu za su tambaye ni ko madara na je saye. Namiji nake so daga gidan." Ya nuna Nahar da haɓa. "Ga shi ma a ɗaure."

"Wannan?" Duhaim ya yi wata 'yar dariya. "Haba Bargash, kada ka wulaƙanta yayanka. Suwaini da sunansa ya kai bakin teku, ka musanya shi da mai tsaron raƙuma? Wa ya san Nahar? Ko sawun jaki ba ya iya bambantawa da na uwarsa, na koya masa har na gaji. Dattijo aka kashe muku, ga dattijo. In ka koma ka ce Duhaim mai bin sawu ka ɗauka, ba macen da za ta yi maka zancen madara."

"Baba!" Nahar ya fizgi igiya har turken ya motsa. "Ranka ya daɗe, kada ka yarda! Bargash, ni ne saurayi, ni na yi rantsuwa, ni ka ɗauka!"

Ba wanda ya dube shi. Bargash ya daɗe yana kallon tsohon. Ba mugun mutum ba ne, na faɗa na kuma, ba mugu ba ne. Sannan ya zubar da gahawar da ta huce, ya miƙo mini finjalin.

Na zuba wa sarakuna gahawa, na zuba wa ɓarayi, ban taɓa jin butar ta yi mini nauyi ba sai ranar. Duhaim ya ce, "Zuba masa mana, Gunaim, baƙo yana jira." Na zuba. Bargash ya shanye.

Duhaim ya kwance ɗansa da hannunsa. Ya fito da baƙin dutsen nan ya danƙa masa a tafi, ya rufe yatsunsa a kai.

"Munif ba ya bin kowa yanzu, an biya shi. Wannan nawa ne. In an jima ka jefa shi a rami, ka kira sunana da ƙarfi kowa ya ji. Ka ji ko?"

"Ba zan iya ba."

"Za ka iya. In ba ka jefa ba, na tafi a banza ke nan, kuma uwarka ta rasa uku."

Ya yi alwala, ya yi raka'a biyu. Ya tuɓe takalmansa ya ba ni, wai sun fi nawa. Daga nan ya bi Bargash da ƙafa, suka haura tudun gabas, kansa a sunkuye yadda ya saba. Ba mu daɗe ba muka ji ƙara ɗaya.

Kafin rana ta faɗi aka binne jini. Gida-gida aka yi ta fitowa ana jefa duwatsu ana kiran sunaye, har na gaji da jin sunayen mutanen da na taɓa zuba wa gahawa. Bargash ya jefa na Suwaini. Nahar ne na ƙarshe. Ya tsaya a bakin ramin har mutane suka fara kallon juna, sannan ya buɗe hannu. Sunan bai fita da ƙarfi ba, amma an ji. Aka mayar da ƙasa, wakilai suka buga hatimi, Bature ya naɗe taswirarsa. A wannan karon ba wanda ya harba bindiga.

* * *

Washegari aka fara kwance tantuna. Iska ta taso tun da hantsi, irin mai share komai. Na je ɗaukar ruwan hanya, sai na hango Turfa a gindin tudun gabas, ita kaɗai, tana tafe a sunkuye tana duba ƙasa. Kaskon gurasarta yana hannunta.

Ƙafafun masu ɗauko gawa sun tattake hanyar, iska kuma ta cinye saura. Amma can gefe, a inda wani ɗan kurmi ya tare iska, ta sami sawun mijinta guda ɗaya: ƙafar dama, ƙarama, ba takalmi, babban yatsa ya ɗan karkace. Ta durƙusa ta kifa kaskon a kansa, ta tara rairayi a gefe-gefe ta danne.

Na ce, "Ummu Munif, ayari zai tashi. Da me za ki yi tuya a hanya?"

Ba ta ɗago ba.

"Wa zan toya wa?" ta ce.